Betty Boothroyd: Mace Ɗaya Tak a Kujerar Kakakin Majalisar Birtaniya

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar mata da shugabancin majalisa da aka faro makon jiya ta tsaya a sama-sama, kowa na faɗin ra'ayinsa ba tare da an dafa wani misali ba. Gara mu ɗauki mutum ɗaya mu bi ta daki-daki. Na kawo Betty Boothroyd, kakakin majalisar wakilan Birtaniya daga 1992 zuwa 2000. Tun 1377 ake kiran wani da wannan laƙabi a Ingila. Mutum 154 suka gabace ta, duk maza, ukun da suka biyo bayanta su ma maza ne.

An haife ta ranar 8 ga Oktoba 1929 a Dewsbury, garin masaƙu a yankin Yorkshire. Uwa da uba duk ma'aikatan masaƙa ne, ita kaɗai suka haifa, kuma ta tashi a shekarun da saƙa ta yi kwantai, uban yakan daɗe babu aiki. Ba ta je jami'a ba, kwalejin koyon kasuwanci ta garinsu ta yi. Ta ɗan taɓa rawa a ƙungiyar Tiller Girls da ƙuruciya, jaridun Ingila suka riƙe wannan suna nanatawa har ta mutu, alhali ba shi ya gina ta ba. Abin da ya gina ta aikin sakatariya ne ga 'yan majalisa na jam'iyyar Labour, ciki har da Barbara Castle da Geoffrey de Freitas. A 1960 ta tafi Amurka ta ga yaƙin neman zaɓen Kennedy, ta zauna har 1962 tana aiki a ofishin ɗan majalisa Silvio Conte.

Sai takara. A 1957 ta tsaya zaɓen cike gurbi a Leicester, ta sha kaye. 1959 Peterborough, kaye. 1968 Nelson and Colne, kaye. 1970 Rossendale, kaye. Sai a Mayun 1973 ta ci West Bromwich tana da shekara 43. Shekara 16 ke nan tsakanin takararta ta farko da ranar da ta taka zauren. Tambayata biyu: me ya kai ta kujerar, kuma me ya sa har yau babu ta biyu?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar tambayarka ta farko tana cikin shekara 19 da ke tsakanin 1973 da 1992, waɗanda masu ba da labarinta suka fi tsallakewa. Ba ta taɓa riƙe ma'aikata ba. Yawancin muƙamanta na cikin gidan majalisa ne.

A 1974 aka ba ta mataimakiyar bulaliya, wato mai tattaro 'yan jam'iyya su jefa ƙuri'a, a gwamnatin Harold Wilson. Wanda bai san aikin ba shi ke raina shi. Bayan zaɓen Oktoban 1974 rinjayen Labour kujera 3 ne kacal, don haka kafin kowace ƙuri'a sai an san inda kowa yake: wa ke asibiti, wa ke fushi da minista, wa ya yi tafiya, kuma da wa aka haɗa shi daga ɗaya ɓangaren don rashinsu ya soke juna. Mai wannan aiki yakan haddace 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, da halinsu da inda suke da rauni.

Daga 1979 zuwa 1987 tana cikin waɗanda kakaki ke zaɓa su shugabanci kwamitocin da ke tace ƙudurin doka sashe-sashe. Nan ne makarantar gaske. Shugaban irin wannan kwamiti shi ke zaɓar gyare-gyaren da za a tattauna, ya haɗa masu kama da juna wuri guda, ya ƙi wanda ya fita daga iyakar ƙudurin, ya katse mai jan magana don cinye lokaci. Ba ya faɗin ra'ayinsa, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ƙaramin kakaki ne a ɗaki mai mutum 16 zuwa 50. 'Yan Conservative sun zauna ƙarƙashinta shekara takwas suna kallon yadda take raba magana. Daga 1983 kuma tana hukumar da ke kula da ma'aikatan majalisa da kuɗin gudanar da ita. A 1987 ta zama mataimakiyar kakaki ƙarƙashin Bernard Weatherill. Da aka tambaye ta yadda za a riƙa kiranta ta ce a kira ta Madam. Cikin waɗannan shekaru biyar aka shigo da kyamarar talabijin zauren, a Nuwamban 1989, ƙasa duka ta san muryarta kafin a zo maganar zaɓe.

Ɗalibar Siyasa:
Baba Akawu, akwai abin da ya ɗaure mini kai. A zaɓen 9 ga Afrilu 1992 Conservative ta samu kujera 336, Labour 271, cikin 651. Ta yaya 'yar adawa ta ci kujerar kakaki a majalisar da jam'iyyarta ba ta da rinjaye?

Tsohon Akawu:
'Yata, sai kin san yadda ake zaɓen a wancan lokaci. Ba a jera 'yan takara a takarda. Wanda ya fi kowa daɗewa a majalisa ba tare da yankewa ba shi ke jagorantar zaman, a ranar 27 ga Afrilu 1992 tsohon firayim minista Edward Heath ne. Zai kira wani ya gabatar da ƙuduri cewa wane ya hau kujera. Mai wani ɗan takara daban sai ya kawo gyara: a cire wancan suna a sa wannan. Kan gyaran ake ƙuri'a, kuma a fili, sunan kowa yana fitowa a kundin majalisa.

Sunan da aka fara gabatarwa na Peter Brooke ne. Matsalarsa biyu. Conservative ba su haɗu a kansa ba, akwai wasu nasu da ke son kujerar. Na biyu, kwanaki kaɗan kafin nan yana minista mai kula da Ireland ta Arewa, kuma 'yan kujerun baya, wato 'yan majalisa marasa muƙami, ba sa son wanda ya sauko daga teburin gwamnati jiya ya zama alƙalinsu yau. Labour kuwa ta tsaya kan mutum ɗaya. Wanda ya tashi ya kawo gyaran sa sunan Boothroyd ɗan Conservative ne, John Biffen, tsohon jagoran majalisa a gwamnatin Thatcher, Gwyneth Dunwoody ta Labour ta mara masa. Aka ƙirga: 372 da 238. 'Yan Conservative sama da 70 sun bi ta, a fili, bulaliyarsu na kallo. Rabon da a yi takarar kujerar tun 1951, rabon da ɗan adawa ya ci kuwa tun 1835.

Daga nan masu gabatar da ita suka kama hannunta suka ja ta zuwa kujera tana nuna kamar ba ta so, al'adar da ta samo asali tun zamanin da kakaki ke kai wa sarki saƙon da ba ya son ji. Sannan aka je majalisar dattawa aka karɓo amincewar sarauniya.

Malamin Tarihi:
A ƙara da wannan, don shi ne ya kwantar wa su Biffen hankali. Daga 1981 zuwa 1987 tana kwamitin zartarwa na Labour, a lokacin da jam'iyyar ke yaƙin cikin gida da ƙungiyar Militant, 'yan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi da suka kutsa rassanta har suka kama majalisar birnin Liverpool. Boothroyd tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an kore su. 'Yan Conservative sun ga macen da ba ta tsoron nata, suka yi lissafin ba za ta ji tsoron kowa ba.

Hajiya Bazazzagiya:
Sannunku da ƙoƙari, amma ni ina da ja. Ba na musun ta ciri tuta. Abin da nake tambaya shi ne, da ta shiga ƙofar, ta riƙe ta a buɗe ko ta saki ta rufe?

A 1992 mata 60 ne a majalisar. A zaɓen 1997 suka koma 120 cikin 659, 101 daga Labour, da yawansu masu ƙananan yara. Suka tarar da gidan da aka tsara don lauyoyi da 'yan kasuwa masu yin aikinsu da safe: zama yakan fara ƙarfe biyu da rabi na rana, ƙuri'a ƙarfe goma na dare, wani lokaci a kwana. Babu wurin renon yara, sai a 2010 aka buɗe. A 2000 Julia Drown, 'yar majalisa mai jego, ta nemi a bar ta ta shayar da jaririnta a ɗakin kwamiti don kada zaman ya wuce ta. Boothroyd ta yanke hukunci cewa ba a shayarwa a zaure ko a kwamiti. Mace ce ta yanke wannan, kuma sai a 2020 kakaki namiji, Lindsay Hoyle, ya fito ya ce shi ba zai hana ba. Ku duba abin da wannan ke nufi ga uwa mai jaririn wata uku: kwamiti yakan zauna sa'a biyu da rabi da safe, ya dawo da yamma, ana iya kiran ƙuri'a kowane minti, in ta fita ta rasa ƙuri'a, a rubuta ba ta nan, abokin hamayya ya ɗauka ya kai mazaɓa.

Ita kanta ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ban faɗi wannan don aibu ba, Allah ya sani. Na faɗa ne don a ga irin farashin da gidan ke karɓa a hannun mace, kuma ita da ta biya ba ta nemi a rage wa na baya ba.

Lauyan Sabon Gari:
Hajiya, maganar shayarwa na ba ki, hukuncinta ne ita kaɗai kuma tana da ikon yanke akasinsa. Amma lokutan zama ba a hannun kakaki suke ba. Dokokin zaman majalisa ne suka tsara su, gwamnati ke kawo ƙudurin canza su ta hannun jagoran majalisa, zaure ya jefa ƙuri'a. Kakakin da ya fito yana yaƙin a canza su ya shiga muhawarar da shi zai yi alƙalancinta.

Wannan ne mutanenmu ke kasa ganewa game da kujerar can, don ba haka take a nan ba. Ranar da aka zaɓe ka za ka ajiye jam'iyyarka, kuma ba ka komawa har abada. Ba ka muhawara, ba ka tambayar minista a zaure, ba ka ƙuri'a sai an yi kunnen doki. A zaɓen 1997 ba da tutar Labour ta tsaya ba, ta tsaya ne a matsayin kakaki mai neman komawa, manyan jam'iyyu uku ba su tsayar da kowa a kanta ba. Da ta sauka aka kai ta majalisar dattawa a 2001, can ma kujerun marasa jam'iyya ta zauna. Wadda ta karɓi wannan sharaɗi ba za ta zama jagorar wani rukuni ba, ko da rukunin mata ne.

Hajiya Bazazzagiya:
Barista, da hular gashin da kakaki ke sawa fa? Ita ma al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru, ta ce ba za ta sa ba, kuma tun daga kanta babu kakakin da ya sake sawa. Ke nan inda ta ga dama tana iya karya al'ada.

Lauyan Sabon Gari:
Haka ne ranki ya daɗe. Sai dai hula a kanta take, ba ta shafi haƙƙin kowa ba. Bari in kawo inda za a ga abin da take karewa, daren 22 ga Yuli 1993.

Ana rikicin yarjejeniyar Maastricht ta Tarayyar Turai. Firayim minista John Major ya tsame Birtaniya daga sashen da ya shafi haƙƙin ma'aikata, Labour ta kawo gyara cewa kada a tabbatar da yarjejeniyar sai an karɓi sashen. Wasu 'yan Conservative masu ƙin Turai suka bi Labour, ba don suna son sashen ba, don su rusa yarjejeniyar baki ɗaya. Masu ƙirga suka dawo da 317 da 317. Boothroyd 'yar Labour ce tun ƙuruciya, 'yar ma'aikatan masaƙa, mai son Turai, ta zauna majalisar Turai daga 1975 zuwa 1977. Ta jefa ƙuri'arta kan ƙin gyaran, wato ɓangaren gwamnati.

Ba son rai ba ne, ƙa'ida ce da ake jingina wa kakaki Denison na ƙarni na 19. Idan an yi kunnen doki, kakaki zai bi abin da zai bar ƙofar muhawara a buɗe. Idan babu sauran muhawara, ba zai ƙirƙiri rinjayen da babu shi ba. Idan gyara ne, a bar rubutun yadda yake. Ta karanta dalilinta daga kujera. Minti kaɗan bayan haka gwamnati ta faɗi a babban ƙudurin, 324 da 316, washegari Major ya ɗaura shi da ƙuri'ar amincewa da gwamnati, 'yan tawayen suka dawo gida, ya ci 339 da 299.

Tsohon Akawu:
Barista ka bar ɗaya. Washegari aka gano ba kunnen doki aka yi ba, an yi kuskuren ƙirga mutum ɗaya a ɓangaren masu goyon gyaran, 316 ne da 317. Ga yadda ake ƙuri'ar a wancan lokaci. Can ba a danna maɓalli. Kakaki ya ji murya bai gamsu ba sai ya ce a rabu, ƙararrawa ta kaɗa a ko'ina cikin ginin, ana da minti takwas kafin a kulle ƙofofi. Akwai soro biyu a gefen zauren, na masu cewa e da na masu cewa a'a. Akawu na rubuta sunanka, a bakin fita kuma 'yan majalisa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, suna ƙirga kawuna da baki. Adadin masu ƙirgar shi ake sanarwa nan take, jerin sunayen akawu sai daga baya ake gwada shi da shi. Mutum 300 na turereniya ta ƙofa ɗaya ƙarfe goma na dare, tsallake lamba ɗaya ba wuya ba ne. Da ta bi zuciyarta ta jefa wa Labour, da an wayi gari kakaki ta zartar da gyaran da a gaskiya ya faɗi. Ƙa'idar ce ta sa kuskuren bai yi ɓarna ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum manya. A Gana an toshe wannan ramin ta wata hanya. Tsarin mulkin 1992 ya ce kakaki ba shi da ƙuri'a ko ɗaya, ko ta farko ko ta raba kunnen doki, in an yi canjaras ƙuduri ya faɗi. Kuma ɗan majalisa in aka zaɓe shi kakaki sai ya bar kujerar mazaɓarsa, ana ma iya ɗauko wanda ba ɗan majalisa ba. Ta nan mace ta farko ta hau a Janairun 2009, Joyce Bamford-Addo, tsohuwar mai shari'a a kotun ƙoli. Ba ta bi matakan da Baba Akawu ya lissafa ba, daga wajen majalisa aka ɗauko ta, ta yi wa'adi ɗaya zuwa 2013. Tsige kakaki a wurinmu sai da kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa. Ɗan adawa ya hau kujerar kuwa mun gani a Janairun 2021, Alban Bagbin, 138 da 136, amma a ƙuri'ar sirri, kuma jam'iyyun biyu kowace na da 137.

Lauyan Sabon Gari:
Namu na Najeriya yana tsakiya. Sashe na 56 na tsarin mulkin 1999 ya ba mai jagorantar zama ƙuri'a a kunnen doki kawai, sashe na 50 ya ce da kashi biyu cikin uku ake tsige shi. Amma kakaki yana nan ɗan jam'iyyarsa, kuma kujerar tana cikin rabon muƙamai na shiyya-shiyya. Patricia Etteh ta hau a Yunin 2007 ba hamayya, da zaɓin PDP. Ta sauka ranar 30 ga Oktoba na shekarar, ba ta cika wata biyar ba, kan rikicin kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidaje da sayen motoci, ko da yake a 2011 majalisar ta ce babu wani zama da ya same ta da laifi. A 2011 aka yi irin abin da ya faru a Landan a 1992, 'yan majalisa suka ƙi wanda jam'iyya mai mulki ta tsayar, suka haɗa kai da 'yan adawa. Sai dai a wannan karon mace ce zaɓin jam'iyyar: Mulikat Akande-Adeola 90, Aminu Tambuwal 252. Kujerar da uwar jam'iyya ta ba ka, ƙarfinta ya dogara da ƙarfin uwar jam'iyya a ranar. Ta Boothroyd daga zauren ta fito, shi ya sa da gwamnati ta canza a 1997 babu abin da ya taɓa ta.

Ɗalibar Siyasa:
To da me take tsawatar wa mutum 650 in ba ta da jam'iyya a bayanta? Na ga ko guduma babu a teburin.

Tsohon Akawu:
Babu guduma, murya ce da tsayuwa. In kakaki ya miƙe, duk wanda ke tsaye sai ya zauna. Hukunci hawa-hawa ne. Farko a ce ka janye kalmar. Ka ƙi, a ce ka fita har ƙarshen zaman ranar, wannan ikon kakaki ne shi kaɗai. Haka ta yi wa Dennis Skinner na Labour a 1992 da ya zagi minista John Gummer ya ƙi janyewa. In abin ya wuce nan sai a ambaci sunanka. A zauren 'yan majalisa ba sa kiran juna da suna, sai da mazaɓa, kakaki ya ambaci sunanka kan laifi kuwa hukunci ne. Nan take a kawo ƙudurin dakatarwa ba tare da muhawara ba: kwana biyar na zama a karon farko, ashirin a na biyu, kuma tun 1998 albashin kwanakin ma yana tafiya. A Nuwamban 1993 Ian Paisley ya zargi minista Patrick Mayhew da ƙarya kan tuntuɓar IRA, ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta Ireland, a asirce, ya ƙi janyewa, ya ƙi fita, ta ambaci sunansa aka dakatar da shi kwana biyar.

Haɗarin yana nan: dakatarwar zaure ne ke zartar da ita, ba kakaki ba. Ranar da ka ambaci suna zaure ya ƙi bin ka, kujerarka ta zama itace. Don haka gwanin kakaki ba ya kai wa nan sai ya tabbata ɓangarorin biyu sun ga laifin da idonsu. Mafi wuya da ta fuskanta shi ne Yunin 1993, Michael Mates yana jawabin ajiye muƙamin minista ya riƙa shiga shari'ar ɗan kasuwa Asil Nadir da ke gaban kotu. Al'ada ta ce ba a katse jawabin murabus, doka ta ce ba a tattauna shari'ar da ba a gama ba. Ta katse shi sau da yawa, shi kuma yana komawa, a gaban kyamara.

Uwar Biyu:
Ni inda nake ganin gazawarta daban ne da na Hajiya. Ta sha yin faɗa daga kujera cewa ministoci na kai sabuwar manufa gidan rediyo da safe kafin su kawo ta majalisa, musamman bayan 1997 da firayim minista Tony Blair ya zo da rinjayen 179. Faɗan daidai ne, amma yana ƙarewa a faɗa. Makamin yana hannunta: ɗan majalisa ya nemi tambayar gaggawa, kakaki ya amince, dole minista ya bar abin da yake yi ya zo zaure a ranar. Ta yi amfani da shi da tsantseni. Kakaki John Bercow ne daga 2009 ya mai da shi abin kusan kullum, ministoci suka shiga taitayinsu. Haka kuma tana kujera aka haɗe tambayoyin firayim minista daga minti 15 sau biyu, Talata da Alhamis, zuwa minti 30 ranar Laraba, majalisa ta rasa rana guda ta titsiye shi.

Lauyan Sabon Gari:
Yaya, wannan suka ce mai tushe. Amma inda ikon nata ne tsantsa ba ta ja da baya ba. A Mayun 1997 Gerry Adams da Martin McGuinness na Sinn Féin, jam'iyyar masu neman haɗe Ireland, sun ci zaɓe, suka ce ba za su yi rantsuwar mubaya'a ga sarauniya ba, amma suna son ofis da sauran kayan aiki a ginin. Ta yanke cewa wanda bai yi rantsuwa ya zauna kujerarsa ba, ba shi da rabo a kayan majalisa. Ana tsakiyar neman sulhun Ireland ta Arewa, gwamnati na lallashinsu, ba ta sassauta ba. McGuinness ya kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 1999 ta ƙi karɓar ƙarar. Sai a Disamban 2001, bayan ta sauka, zaure ya jefa ƙuri'a ya ba su ofisoshin.

Malamin Tarihi:
Kuma mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa wannan majalisa, Constance Markievicz a 1918, 'yar Sinn Féin ce, ita ma ba ta zauna ba. Nancy Astor ce ta fara zama a 1919. A lura kuma wajen zaɓen mace kakaki Birtaniya ba ta riga kowa ba: Jamus ta Yamma ta zaɓi Annemarie Renger a 1972, Kanada Jeanne Sauvé a 1980, Ostireliya Joan Child a 1986.

Ta sanar da saukarta ranar 12 ga Yuli 2000, ba wanda ya tura ta. Ta shugabanci Open University daga 1994 zuwa 2006, jami'ar karatu daga gida ta waɗanda ba su samu shiga jami'a da ƙuruciya ba, irinta. Ta tsaya aka gina abin tunawa da matan yaƙin duniya na biyu a Whitehall da ke Landan a 2005. Ta rasu ranar 26 ga Fabrairu 2023 a Cambridge tana da shekara 93. Saura tambayata ta biyu.

Tsohon Akawu:
Tsarin da ya kawo ta ya mutu a ranar da aka zaɓi magajinta. Ranar 23 ga Oktoba 2000 mutum 12 suka fito, aka yi ta kawo gyara ɗaya bayan ɗaya kan sunan Michael Martin, wajen sa'a bakwai, kuma kowa ya ga wanda aka fara gabatarwa ya fi kowa dama. A 2001 aka koma ƙuri'ar sirri: ɗan takara ya samo sa hannun mutum 12 zuwa 15, aƙalla uku daga wata jam'iyya, kowane zagaye a cire na ƙarshe da duk wanda bai kai kashi 5 cikin 100 ba, har wani ya haura rabi. A Nuwamban 2019 mutum bakwai suka tsaya, huɗu mata. Zagayen farko Hoyle 211, Eleanor Laing 113, Chris Bryant 98, Harriet Harman 72, Rosie Winterton 46, Edward Leigh 12, Meg Hillier 10. Haɗa na matan huɗu, 241 ne, sun fi na Hoyle. A 1992 ɓangare guda ya tsaya kan mace ɗaya, ɗayan ya rabu. A 2019 matan ne suka rabu.

Amma hanyar tana nan. Weatherill, Boothroyd, Martin, Hoyle, duk daga kujerar mataimaki suka hau. Bayan zaɓen Yulin 2024 mata 263 ne cikin 650, kuma mataimakan kakaki uku duk mata ne: Nusrat Ghani, Judith Cummins, Caroline Nokes. Babbar mataimakiya ita ke jagorantar zaman kasafin kuɗi, don haka ranar 30 ga Oktoba 2024 Ghani ce a kujera ministar kuɗi Rachel Reeves na karanta kasafi.

Hajiya Bazazzagiya:
Baba Akawu, haɗa ƙuri'un nan huɗu bai zauna mini ba. Laing 'yar Conservative ce, sauran ukun Labour, wanda ya zaɓi Harman ba lallai ya koma wa Laing ba. Lissafin ma ya nuna: da aka cire Hillier, sannan Winterton da Harman suka fita, Laing daga 113 zuwa 127 kawai ta kai a zagaye na uku, Bryant ya tashi daga 98 zuwa 169, ya wuce ta, aka ƙare Hoyle 325, Bryant 213. Kuma matakan da ka ce su ne hanya, matan nan sun taka su. A lokacin Laing tana mataimakiyar kakaki tun 2013, Winterton tun 2017 bayan ta yi shekara shida tana babbar bulaliyar Labour, Harman tana majalisar tun 1982. Bryant da ya kai zagayen ƙarshe bai taɓa zama mataimakin kakaki ba ko na rana ɗaya.